Tarihin Gano Ƙwayoyin Halitta Masu Rayuwa Cikin Ƙarancin Oksijin: Misali Daga Ƙwayar Gyambon Ciki

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda masana kimiyya suka gano wani rukuni na ƙananan halittu waɗanda ido ba ya iya gani, waɗanda kuma ba sa bunƙasa sai a wurin da iskar oksijin ta yi ƙaranci. An ɗauki ɗaya daga cikinsu a matsayin babban misali, wato ƙwayar da ke kan gaba wajen haddasa gyambon ciki, cutar da Hausawan yau suka fi sani da sunan aro na olsa. An zaɓi wannan ƙwaya ce saboda tarihinta ya nuna yadda ra'ayin da ya kafu tsakanin masana kan hana su ganin abin da ke gaban idonsu, saboda kuma wani sashe na tarihin ya faru ne a nan Nijeriya, a birnin Maiduguri.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya kawo batun likitanci cikin mujallar nazarin harsuna. Amsar ita ce, da harsunanmu na gida ake isar da ilimin kiwon lafiya ga mafi yawan jama'a, ta gidajen rediyo da ɗakunan shan magani da azuzuwan yaƙi da jahilci. Wanda aka ɗora wa alhakin fassara ko ƙirƙirar kalma kuwa, in bai san asalin abin da yake raɗa wa suna ba, to zai raɗa sunan da zai ɓatar da mai saurare. Don haka maƙalar za ta fara da tarihin fahimtar dangantakar iska da rayuwa, ta bi ta kan gano ƙwayar gyambon ciki, sannan ta ƙare da duba matsalar kalmomin da Hausa ke amfani da su a wannan fage.

2.0 Iska da Rayuwa: Matakan Farko

Tun zamanin da, ɗan'adam ya ɗauka cewa duk abin da aka toshe wa iska mutuwa zai yi. Wanda ya fara cin karo da abin da ya saɓa wa wannan shi ne Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, wanda ya shahara da ƙera madubin ƙara girma, wato maikiroskof. A shekarar 1680 ya zuba dakakken masoro da ruwan sama a cikin wani bututun gilashi, ya liƙe bakinsa da wuta. Da ya fasa bututun bayan wani lokaci, sai ya tarar da ƙananan halittu suna ta kai da kawowa a cikin ruwan. Ya rubuta abin da ya gani, amma ba shi da hanyar bayyana dalili, domin a lokacin ba a ma san da iskar oksijin ba. Sai a shekarun 1770 ne Scheele da Priestley suka gano ta, Lavoisier kuma ya raɗa mata suna.

Kusan shekara ɗari biyu suka shuɗe kafin Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya warware batun. A 1861 yana nazarin irin ruɓar da ke samar da sinadarin da ke sa tsohon man shanu wari, sai ya ɗiga ruwan a ƙarƙashin madubi. Ya lura cewa ƙwayoyin da ke gefen ɗigon, inda iska ke taɓa su, sun daina motsi, waɗanda ke tsakiya kuwa suna nan garau. Da ya hura iska cikin ruwan, sai ruɓar ta tsaya. Ya tabbata ke nan akwai halittun da iska guba ce a gare su. A 1863 ya ƙirƙiro kalmomi biyu daga tushen Girkanci domin bambance masu buƙatar iska da masu rayuwa ba tare da ita ba.

Rabon gida biyu da Pasteur ya yi bai game kowa ba. A 1893 Martinus Beijerinck, shi ma a garin Delft, ya nuna cewa idan aka rufe ɗigon ruwa mai ɗauke da ƙwayoyi masu motsi da siririn gilashi, kowane iri kan nemi mazauninsa. Wasu su taru a baki inda oksijin ta fi yawa, wasu su gudu tsakiya inda babu ita, wasu kuma su yi da'ira a tsakani, inda take akwai amma ba yawa. Wannan rukuni na uku shi ne abin nazarinmu. Sunan da masana suka ba shi ya ƙunshi kalmomin Girkanci uku: mikros, ƙarami; aer, iska; da philos, masoyi.

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin 100. Waɗannan ƙwayoyi kuwa sun fi bunƙasa idan ta sauka zuwa tsakanin kashi 2 da kashi 10. Suna buƙatarta domin samun ƙarfi daga abincinsu, amma idan ta yi yawa takan haifar da wasu sinadarai masu lalata kayan aikin da ke cikin jikinsu, su kuwa kariyarsu ba ta kai ta sauran ƙwayoyi ba. Halinsu da oksijin tamkar na mai jin ɗumi ne da wuta a lokacin hunturu: in ya yi nisa sanyi ya kama shi, in ya matsa sosai ya ƙone. Wannan hali ne ya sa suka daɗe a ɓoye. Mai bincike da ya ajiye farantinsa a sarari ba zai ga sun tsiro ba, haka ma wanda ya zuƙe iskar gaba ɗaya. Sai wanda ya san ma'aunin da ke tsakani.

3.0 Daga Garken Tumaki Zuwa Asibiti

Likitocin dabbobi ne suka riga na mutane sanin muhimmancin wannan rukuni. A 1913 McFadyean da Stockman suka ba da rahoto a Ingila kan wata lanƙwasasshiyar ƙwaya da suka samu a jikin 'ya'yan tumakin da aka yi ɓarinsu. A 1919 Smith da Taylor suka sami irinta a jikin shanu a Amurka, suka sanya ta cikin dangin ƙwayar kwalara saboda kamar da suka yi. A 1963 ne Sebald da Véron suka ware ta suka ba ta suna nata na kanta, Campylobacter, wato lanƙwasasshiyar sanda.

An daɗe ana ɗaukar ta cutar dabbobi ce kawai, saboda wahalar raba ta da dubban ƙwayoyin da ke cikin bayan gidan mutum. A farkon shekarun 1970 Butzler da Dekeyser suka yi nasarar tace ta daga bayan gidan masu gudawa a ƙasar Beljiyam. A 1977 Martin Skirrow na Ingila ya haɗa wani abincin raino mai ɗauke da magungunan da ke kashe sauran ƙwayoyi su bar ta. Ana rainonta ne a cikin rufaffen tulu mai oksijin kashi 5, iskar kabon kashi 10, naitirojin kashi 85. Cikin 'yan shekaru aka gane cewa tana cikin manyan masu haddasa gudawa a duniya, kuma naman kaji da bai dahu sosai ba yana cikin manyan hanyoyin kamuwa da ita. Abin lura a nan shi ne, daga ƙarshen shekarun 1970 ɗakunan bincike na asibitoci da yawa sun mallaki kayan aiki da ƙwarewar rainon ƙwayoyi cikin ƙarancin oksijin. Da ba don wannan ba, da labarin da ke tafe bai yiwu ba.

4.0 Gyambon Ciki Kafin 1979

Tumbin ɗan'adam yana tsatso ruwan asid mai ƙarfi domin narkar da abinci. Saboda haka aka yi ittifaƙi tsakanin likitoci cewa babu wata ƙwaya da za ta iya zama a cikinsa. A 1910 Karl Schwarz ya kafa ƙa'idar cewa inda babu asid babu gyambo, kuma a kan wannan ƙa'ida aka gina magani na tsawon shekara saba'in. A 1915 Bertram Sippy na Amurka ya fito da tsarin shayar da majiyyaci madara da magungunan kashe kaifin asid awa-awa. A 1943 Lester Dragstedt ya fara aikin yanke jijiyar da ke umartar tumbi ya tsatso asid. Wasu majiyyatan kuwa yanke wani sashe na tumbin nasu aka riƙa yi. Game da abin da ke sa asid ya yi yawa, an ɗora laifin a kan damuwa da yawan tunani da abinci mai yaji.

Sai dai kuma a duk tsawon wannan lokaci akwai waɗanda suka ga ƙwayar da idonsu. A 1893 Giulio Bizzozero na Italiya ya ga murɗaɗɗun ƙwayoyi a tumbin karnuka. A 1899 Walery Jaworski ya ga irinsu a ruwan da aka wanko daga tumbin mutane a birnin Krakow, har ya yi zaton suna da hannu a ciwon ciki, amma da yake da harshen Folan ya rubuta, aikin bai yaɗu ba. Wannan kaɗai darasi ne ga masu nazarin harshe: ilimi na iya kwanciya shekaru aru-aru saboda harshen da aka rubuta shi da shi. A 1940 Stone Freedberg na birnin Boston ya same su a kimanin kashi 40 cikin 100 na tumbunan da aka yanko daga masu gyambo ko ciwon daji. Amma a 1954 Eddy Palmer ya duba samfurin tumbi fiye da dubu ya ce bai ga komai ba. Bai yi amfani da rinin azurfa da ke fito da ƙwayar fili ba, amma yawan samfurinsa da girman sunansa suka sa aka rufe babin.

Akwai kuma John Lykoudis, wani likita a garin Missolonghi na ƙasar Girka, wanda a 1958 ya yi wa kansa maganin gyambon ciki da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ya warke, ya kuma ci gaba da ba dubban majiyyata. Hukumomin ƙasarsa ba su amince da shi ba, har tara aka ci shi a 1968. Ya rasu a 1980 ba tare da ya ga an gaskata shi ba.

A 1976 aka fara sayar da maganin Tagamet, a 1981 kuma Zantac ya biyo baya. Waɗannan magunguna suna rage asid sosai, gyambo kuma yakan warke cikin makonni. Matsalar ita ce da zarar an daina sha, sai ya dawo wa mafi yawan majiyyata cikin shekara guda ko biyu. Aka wayi gari cutar ta zama abokiyar zama ta har abada, maganinta kuma ya shiga sahun waɗanda aka fi saye a duniya.

5.0 Warren da Marshall

Robin Warren likita ne mai binciken naman jiki a ƙarƙashin madubi a babban asibitin birnin Perth, yammacin ƙasar Ostireliya. A zamaninsa an riga an sami bututu mai laushi, mai fitila, wanda ake zurawa ta baki a leƙa tumbi a kuma tsinko ɗan ƙaramin nama daga mai rai. Saboda haka samfurin da ke zuwa masa ɗanye ne, bai lalace ba. Ranar 11 ga Yuni, 1979, ya ga wani siririn layi shuɗi a saman fatar tumbin wani majiyyaci. Da ya ƙara girman madubin, ya kuma yi amfani da rinin azurfa, sai ya ga tarin lanƙwasassun ƙwayoyi kwance ƙarƙashin yauƙin da ke lulluɓe da bangon tumbin. Ya shafe shekara biyu yana tara irin waɗannan samfurori, ya kuma lura cewa duk inda ƙwayar take, akwai kumburi a wurin. Ruwa ba ya tsami banza, amma abokan aikinsa ba su ba abin muhimmanci ba.

A 1981 wani matashin likita mai neman ƙwarewa, Barry Marshall, ya haɗu da shi. Suka tsara binciken majiyyata 100 a 1982. Da yake ƙwayar ta yi kama da Campylobacter, sai suka yi ƙoƙarin rainonta ta hanyar Skirrow, cikin ƙarancin oksijin. Sau talatin da 'yan kai ana gwadawa ba a dace ba, domin al'adar ɗakin binciken ita ce a zubar da duk farantin da ya kwana biyu bai nuna komai ba. A watan Afrilu na 1982 hutun Ista ya faɗo, ma'aikata suka yi ƙaranci, aka bar wasu farantai cikin akwatin ɗumi har kwana biyar. Da aka dawo sai ga ƙwayar ta tsiro. Ashe jinkirin girma gare ta. Sakamakon binciken ya nuna cewa duk majiyyata 13 masu gyambo a farkon ƙaramin hanji suna ɗauke da ita, haka ma 18 daga cikin 22 masu gyambo a tumbi.

A 1983 ƙungiyar likitocin ciki ta Ostireliya ta ƙi karɓar takardar da suka aika wa taronta. Amma a watan Yuni na shekarar mujallar Lancet ta buga wasiƙunsu biyu, a watan Satumba kuma Marshall ya gabatar da aikin a taron masana Campylobacter a birnin Brussels, inda ya sami masu saurare. Cikakken rahoton ya fito a 1984.

Adalci ne a faɗi cewa masu shakka suna da hujja. Samun ƙwaya a wurin da ciwo yake bai nuna ita ta kawo ciwon ba, domin tana iya zama ta tarar da miki ne ta zauna. Tun ƙarni na 19 Robert Koch ya shimfiɗa sharuɗɗa a kan haka, ciki har da cewa sai an sa wa mai lafiya ƙwayar an ga ya kamu. Marshall ya gwada da aladu bai yi nasara ba. Don haka a 1984, yana aiki a asibitin Fremantle, bayan an leƙa tumbinsa an tabbatar lafiya lau yake, sai ya shanye ruwan da aka raini ƙwayar a ciki. Cikin mako guda ya fara amai, bakinsa ya yi wari. A kwana na goma aka sake leƙawa aka tarar tumbin ya kumbura, aka kuma samo ƙwayar daga ciki. Ya sha magani a kwana na goma sha huɗu. Bai kai ga yin gyambo ba, amma ya nuna cewa ƙwayar na iya kama lafiyayyen tumbi ta raunata shi. An buga wannan a 1985.

Abin da ya kashe bakin gardama shi ne gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, waɗanda suka nuna cewa idan aka kawar da ƙwayar, da wuya gyambon ya dawo. A 1994 cibiyoyin kiwon lafiya na ƙasar Amurka suka ba da shawarar a riƙa ba duk mai gyambon ciki da ke ɗauke da ƙwayar magungunan kashe ta. A shekarar dai, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. A 2005 aka ba Warren da Marshall lambar yabo ta Nobel. Warren ya rasu a watan Yuli na 2024.

6.0 Sunan Ƙwayar da Halinta

Sau uku ana raɗa wa wannan ƙwaya suna. Da farko an kira ta Campylobacter pyloridis. Kalma ta biyu ta fito ne daga sunan ƙofar da ke tsakanin tumbi da ƙaramin hanji, pylorus, wanda asalinsa a Girkanci ke nufin mai tsaron ƙofa. A 1987 aka gyara ta zuwa pylori, domin an lura cewa an saɓa wa nahawun Latin wajen gina sigar mallaka, kamar dai a ce Bahaushe ya sa madanganci na namiji a jikin sunan mace. A 1989 kuma, bayan nazarin ƙwayoyin gadonta ya nuna cewa ba ta cikin wancan dangi, Goodwin da abokan aikinsa suka ba ta sunan da take amsawa yanzu, Helicobacter pylori, wato murɗaɗɗiyar sanda ta bakin ƙofar tumbi. Gyara na farko na nahawu ne, na biyu na ma'ana, kuma masanan ba su ɗauki ko ɗaya daga ciki a matsayin ɓata lokaci ba.

Dabarar zamanta a tumbi iri biyu ce. Tana da wasu zarurruka a gefe guda da take kaɗawa, waɗanda tare da murɗaɗɗen jikinta suke ba ta damar kutsawa cikin yauƙin bangon tumbi, inda asid ba shi da kaifi, oksijin kuma kaɗan ce. Sannan tana samar da wani sinadari da ke farfasa yuriya, irin wadda manoma suka sani a takin zamani, wadda kuma jikin mutum ke samarwa, ya fitar da amoniya da ke kashe kaifin asid a kewayenta. A kan wannan ne aka gina gwajin numfashi da ake gano ta da shi. Ana kuma gano ta ta gwajin bayan gida ko ta tsinko naman tumbi.

Galibi tun yarinta ake kamuwa da ita, a cikin gida, musamman inda ake cunkoso da ƙarancin tsaftataccen ruwa. An ƙiyasta kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, amma mafi yawansu ba sa jin komai. Kimanin ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin biyar ne kan yi gyambo, kashi 1 zuwa 3 cikin 100 kuma ciwon daji na tumbi. Maganinta shi ne haɗa magungunan kashe ƙwayoyi, aƙalla iri biyu, da mai rage asid, na kwana 10 zuwa 14. Katse shan magani kafin lokaci na sa ta bijire, har ma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ta cikin ƙwayoyin da ake buƙatar sababbin magunguna dominsu.

7.0 Afirka Cikin Tarihin

Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2007 ya nuna cewa wannan ƙwaya tsohuwar abokiyar tafiyar ɗan'adam ce, kuma tare da shi ta fita daga gabashin Afirka kimanin shekara 58,000 da suka wuce. Rabe-raben irinta a duniya sun bi sawun ƙaurar al'ummomi, har masu tarihin ƙaura suna kafa hujja da ita kamar yadda suke yi da dangantakar harsuna.

A 1992 Chris Holcombe, wani likitan tiyata ɗan Ingila da ya yi aiki a Maiduguri, tare da abokan aikinsa, suka ba da rahoton cewa kashi 85 cikin 100 na mutanen da suka gwada jininsu a arewacin Nijeriya sun nuna alamar kamuwa da ƙwayar, kuma mafi yawa tun suna yara. Duk da haka, ciwon daji na tumbi da ake samu a rahotannin asibiti kaɗan ne in an kwatanta da ƙasashe irin su Japan. Holcombe ya kira wannan al'amari wasa ƙwaƙwalwar Afirka, sunan kuma ya bi duniya. Wasu masana sun nemi bayani a bambancin irin ƙwayar, ko abinci, ko yadda tsutsar ciki ke sauya martanin garkuwar jiki. Wasu kuma, musamman Agha da Graham a 2005, sun ce babu wani abin mamaki a ciki: ƙarancin na'urar leƙa tumbi, da rashin rajistar masu ciwon daji, da gajartar shekarun rayuwa su ne suka ɓoye adadin. Ko wane ɓangare ya fi gaskiya, abin da bai da jayayya shi ne yawan masu ɗauke da ƙwayar a tsakaninmu.

8.0 Matsalar Kalmomi a Hausa

Gyambo a Hausa shi ne tsohon miki da ya ƙi warkewa, galibi a ƙafa. Faɗaɗa ma'anarsa zuwa gyambon ciki ya dace ƙwarai, domin yana sa mai saurare ya hango miki na gaske mai buƙatar magani. Amma kalmar aro, olsa, ta fi ta yaɗuwa a bakin jama'a, ma'anarta kuma ta buɗe har ta haɗiye ƙwarnafi da zafin ƙirji da duk wani ciwo a saman ciki. Aikatau da ake haɗa ta da su ma abin dubawa ne. Akan ce olsa ta tashi, ko ta kwanta, ko ta motsa, kamar wata halitta mai barci da farkawa. Da wuya a ji an ce ta warke. Dalilan da ake ba ta kuwa su ne yunwa da yaji da tsami da tunani, maganinta kuma madara da kanwa da ruwan magani mai kashe asid. Wannan ita ce fahimtar likitocin Turai ta zamanin Sippy, ta shigo harshen ta zauna, alhali masu ita sun bar ta tun 1994. Gaskiya ne yunwa da yaji na iya tsananta raɗaɗi, amma manyan dalilan gyambon biyu ne: wannan ƙwaya, da yawan shan magungunan kashe ciwo irin su asfirin da dangoginsa. Illar wannan gibi a fili take, domin mutum na iya shafe shekaru yana sayen mai kwantar da ciwo alhali maganin mako biyu zai iya raba shi da shi. Ko a Amurka sai da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙaddamar da gangamin wayar da kai a 1997 saboda irin wannan jinkiri.

Matsala ta biyu ita ce kalmar ƙwayar cuta, wadda ake amfani da ita ga kowace ƙaramar halitta. Ƙwayoyin da ke mai da madara nono ba cuta ba ne. Haka ma waɗanda ke aiki a ƙasan rijiyar marina, inda babu oksijin, suna sauya baba ya narke ya kama zare, shi ya sa tufa kan fito da launi kore-kore sai ta sha iska ta koma shuɗiya. Ya kamata a riƙe ƙwayar halitta a matsayin babban suna, a keɓe ƙwayar cuta ga mai cutarwa. A kuma guji kiran ƙwayar gyambon ciki tsutsa, don kada mai saurare ya nufi maganin tsutsar ciki.

Matsala ta uku ita ce sunayen rukunonin nan uku. Kalmar iska tana ɗauke da ma'anar guguwa da ta numfashi da ta aljanu. Hanyar da Hausa ta fi bi wajen ƙirƙirar irin wannan suna, wato ɗan ko 'yan, a rufe take a nan, domin kowa ya san abin da 'yan iska ke nufi. Daɗin daɗawa, kalmomin Pasteur kansu ba su cika daidai ba, tunda kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ce, wadda ba ta cutar da waɗannan halittu. Babu dalilin da zai sa mu gaji wannan rauni. Shawarar wannan maƙala ita ce a yi amfani da gajeriyar sigar ɗafa-goshin ma-, wadda ta ba mu maci-amana da maja-ciki da magatakarda da arewa maso gabas. Sai a ce maso-oksijin, da maƙi-oksijin, da maso-oksijin-kaɗan, jam'insu kuma masoya da maƙiya. Littafin keɓaɓɓun kalmomin Hausa da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna cewa irin wannan aiki mai yiwuwa ne a fagen harshe da adabi, babu kuma abin da zai hana a yi shi a fagen lafiya.

9.0 Kammalawa

An ga yadda fahimtar dangantakar oksijin da ƙananan halittu ta taso daga bututun Leeuwenhoek a 1680, ta bi ta hannun Pasteur da Beijerinck, har ta kai ga dabarar raino da ta ba Warren da Marshall damar kama ƙwayar gyambon ciki a 1982. An ga kuma cewa an yi shekara tamanin da 'yan kai ana ganin ƙwayar ana kau da kai, saboda an riga an yanke hukuncin cewa ba za ta iya zama a tumbi ba. Likitanci ya gyara matsayinsa, amma kalmomin da Hausawa ke bayyana cutar da su suna nan a kan tsohuwar fahimta. Ana ba da shawarar masana harshe su zauna da likitoci da ma'aikatan rediyo su daidaita waɗannan kalmomi, su gwada su a kan masu saurare kafin a tabbatar da su. Zai kuma yi amfani idan masu nazarin Yarbanci da Ibo da Fulatanci da Barbarci da sauran harsunan ƙasar nan suka bincika yadda kalmar olsa ta zauna a nasu harsunan, domin a kwatanta a ga ko matsalar iri ɗaya ce.